Hannun Maestro Orsino

Duk birnin Firenze an san Maestro Orsino, gwanin sassaƙa dutse, mutumin da rabin gumakan cocinmu aikinsa ne. Abin da ba kowa ya sani ba, tsufa ya sa hannunsa na dama ya fara rawa. Ga shi Sarki na shirin ba da aikin babbar maɓuɓɓugar ruwa ta dandali, aikin da Orsino ya daɗe yana ƙwallafa rai a kai.

Sai Sarki ya ce a zana hoton Orsino. Orsino ba yaro ba ne. Ya san Lelio, mai zanen fada, duk abin da ya gani da safe, kafin la'asar yana kunnen Sarki.

Ya iso ɗakin Lelio cikin rigar karan-miski da safar hannu, ya zauna ya dafa ƙirji yadda manya ke yi idan za a zana su. Ni dai, yaron Lelio mai dama masa fenti, ban taɓa ganin kayan da suka ƙi mutum haka ba.

"Yau kuma mai ƙura ne ya zama ɗan sarauta?" in ji Lelio.

"Yi aikinka, mai shafe-shafe."

"To hannun nan ya tsaya mana, Maestro. Ganga kake kaɗa mini?"

Orsino ya danne hannun da ɗaya hannun, amma ina. Kunya ta kama shi, har ya ba ni tausayi. Ya kau da kai, idonsa ya faɗa kan wani gunkin farin dutse a lungu, aikin da wani ya bari bai ƙarasa ba.

"Wane jaki ne ya yi kunnen nan?"

"Ɗan'uwan matata ne. Ga kayan aikinsa nan, in ka isa."

Orsino ya cire safar ya yar, ya ɗauki cizal, ƙarfen sassaƙa, da guduma. Yana ɗora ƙarfen a kan dutse, rawar ta ɗauke cak. Ya shiga bugu, ƙura na sauka a kan karan-miskin, yana zagin ɗan'uwan matar Lelio da duk danginsa. Lelio ya juya allonsa a hankali, ya ci gaba da zane.

Haka hoton ya isa fada, tsoho fari fat da ƙura, jijiyoyin hannu a tashe. Sarki ya daɗe yana dubawa.

"Lelio, an ce hannunsa na rawa."

"Yana yi, ranka ya daɗe, idan aka bar shi ba aiki."

"To a kai masa dutsen maɓuɓɓugar," in ji Sarki.