Saukar Littafin Bagirke

Mijina Rabe injiniya ne, shekararsa ashirin a Manchester, amma har gobe bai yarda mutum ya karanta babban littafi shi kaɗai ba. Dole a zauna gaban malami, kamar yadda ya saba a Kano.

Da ya yi ritaya sai ya tsinci littafin wani Bagirke, soja kuma masanin falsafa, wanda ya rubuta yadda dubban sojoji suka maƙale a ƙasar abokan gaba suna neman hanyar gida. Nan take ya naɗa Bartholomew, ma'aikacin laburaren unguwarmu, malaminsa. Duk Laraba Rabe ya karanta shafi biyar, Bartholomew ya yi bayani. Ni dai dariya nake, tsoho da furfura yana bita a kicin.

Saura babi uku gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe laburaren. Bartholomew ya rasa aiki, ya koma wurin ƙanwarsa a Birmingham.

Rabe ya daina cin abinci sosai. Na ce, "Alhaji, littafin nan yana hannunka. Ka buɗe ka ga ko sun isa gida mana!"

Ya ce, "Kubura, *no way*. Ba malami? Ai sai albarkar ta gudu."

Haushi ya kama ni, tausayi ma haka. Ranar Asabar na soya waina cike da kula, na tuƙa mota na kai Rabe har unguwar Small Heath a Birmingham.

Bartholomew ya buɗe ƙofa, duk ya rame. Rabe ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya miƙa masa sabuwar hula, ya ce yau sauka za a yi.

Bawan Allah ya daɗe yana juya hular. Can ya ce, "Rabe, in faɗa maka gaskiya. Ban taɓa karanta littafin nan ba sai da ka zo. Kowace Talata nake karanta shafi biyar ɗin, in riga ka. Ni ma ban san ƙarshensa ba."

Na ce a raina yau akwai rigima. Sai Rabe ya fashe da dariya.

"Shekara guda kana bita saboda ni? To wane malami ya fi wannan? Sa hularka, Malam, mu kai mutanen nan gida."

Bartholomew ya share ido, ya sa hular a karkace, ya buɗe littafin.