Wayar Ƙasa

Ƙugin ya fara ne a makon da Auta ta buɗe banɗakin uwarta. Ban haɗa biyun ba a lokacin. Ni ina ta faman neman tsabtace muryata, ashe ran yarinyar ne yake lilo a cikin wayoyin gidan.

Aikina yanzu karatu ne. Ina karanta littattafai a makirufo, wata ƙungiyar makafi tana karɓa tana rarraba wa mutanenta. Auta ce ta ƙirƙiro mini shi bayan rasuwar uwarta, wai idan aka bar ni haka zan fara bin maƙwabta ina gyara musu magana. Ita ta sayo makirufon, da hedifon, da ɗan akwatin sautin da yake haɗa su da kwamfuta. Ta fitar da keken ɗinkin marigayiya daga ɗakinsa, ta rataye tsofaffin barguna a bango, ta ce ga wurin aikina. Akwatin yana da ɗan huci tun asali, na saba da shi yadda ake sabawa da numfashin wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Amma wannan sabon abin daban ne. Ƙugi ne mai kauri a ƙarƙashin muryata, kamar an bar babbar mota a kunne a bayan katanga. Ya zo, ya daɗe, ya tafi ba sallama.

Auta ta dawo gida ne don an tura mijinta aiki nesa, ga ciki ya tsufa. Ranar da ta sauka ta miƙo hannu ta ce in ba ta makullin babban banɗaki, nan ne kaɗai mai hitar ɗumama ruwa. Ni ƙaramin na baya nake shiga, da ruwan sanyi. A babban aka tsinci uwarta shekara biyu da suka wuce, kwance a ƙasa, famfo na zuba. Likita ya duba ya ce zuciya ce. Likitoci suna son zuciya. Kowa yana da ita, kuma ta kowa tsayawa take yi.

Na ba ta makullin. Ba a gardama da mai ciki, kuma ba a gardama da Auta, balle an haɗa biyun.

Na bi ƙugin yadda ake bin ɓera. Na canza wayar makirufo, yana nan. Na cire akwatin daga wannan ramin kwamfuta na sa a wancan, yana nan. Na kashe fanka, na cire fitilar tebur, na nisanta wayoyin wuta daga na sauti har ɗakin ya zama kamar an yi shanyar igiyoyi. Na zargi firji, na kashe shi rabin yini, abin da na samu kawai shi ne ruwa a ƙasan kicin da baƙar magana daga Auta. Wani lokaci in taɓa abu ƙugin ya ɗauke, in yi murmushin nasara, can sai ya dawo ya same ni a tsakiyar shafi.

"Wayarki ce," na ce mata. "Tun da kika shigo da ita gidan nan ba a huta ba."

"Baba, wayata tana ɗaki a kashe. Ko dai cikinka ne yake kuka makirufon yake ɗauka?"

"Cikina ya fi naki ladabi."

Ta yi dariya tana yarfe hannu. Kwanakin nan duk haka take yi, tana yarfe hannuwa kamar mai korar ƙuda. Na tambaye ta, ta ce yatsunta ne suke tsinkulinta, musamman in ta fito wanka. Ta gaya wa nas a asibiti, nas ta ce ciki yana kawo haka. Na gyaɗa kai. Ciki ma kamar zuciya ne, yana ɗaukar laifin da duk aka ɗora masa.

Washegari makirufon ya cije ni. Na matsa kusa don in rufe ƙugin da muryata, leɓena ya taɓa ragar ƙarfen, sai na ji kamar an soka mini allura mai sanyi. Na ja baya ina kallonsa. Na karanta littattafan da mutane suka mutu saboda abin da suka faɗa, amma ban taɓa jin wanda makirufo ya rama wa marubuci ba. Na miƙa hannu na zare cajar kwamfutar daga bango, ta koma kan batirinta. Ƙugin ya mutu nan take. Na mayar, ya tashi. Na sake zarewa, shiru.

Ke nan ba akwatin ba ne, ba makirufo ba ne. Daga bango yake fitowa. Gidan ne da kansa.

Da safen da abin ya faru, Auta ta fito tana tafiya kamar agwagwa, ba takalmi, silifas ɗinta na roba a hannu.

"Dubi ƙafata, Baba. Dubi! Ko babban yatsa ya ƙi shiga."

Ƙafafun sun kumbura sun yi sumul. Silifas ɗin nan da su take shiga wanka kullum don tsoron santsi. Ta jefar da su bayan ƙofa.

"Sa nawa," na ce.

"Naka? Waɗannan jiragen ruwan? Su ne ma za su kayar da ni. Bari in ɗan kishingiɗa tukuna, in na tashi na yi wankan haka nan."

Ta shige ɗaki. Ni kuma na koma kan farautata da sabuwar dabara. Na haɗa akwatin da lasifika, na murɗa sautin har ƙarshe, na buɗe taga, don in riƙa jin ƙugin daga ko'ina ina zagaya gida ina kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ƙi zuwa. Huci kawai lasifikar take yi, siriri. Abin ya san ana jiransa.

Don kada in zauna banza na kira ƙanen marigayiya. Shi ya yi wa gidan wayoyin wuta tun muna da baƙin gashi. Injiniya nake ce masa, ko da yake takardar da ya taɓa samu a rayuwarsa ta haihuwa ce.

"Yaya! Kai ne da kanka? Wa ya mutu?"

"Aikinka ne yake shirin mutuwa. Bangon gidana yana ƙugi, makirufo yana cizo."

"To ka daina karanta masa waɗannan littattafan naka masu sa barci mana. Ko ni ne sai in cije ka."

"In ka gama, ka ba ni Injiniyan gaske mu yi magana."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya tambaye ni yadda cizon yake. Da na kwatanta, dariyar ta ragu.

"Wannan wayar ƙasa ce," ya ce. "Ka san soket ramuka uku gare shi. Biyu na aiki, na ukun na tsaro. In wuta ta ɓalle a cikin wani abu ta taɓa jikin ƙarfensa, ta ukun nan ce take kwashe ta ta zubar a ƙasa, maimakon ta bi ta jikin mutum. In ta yanke, wutar ba ta da wurin zuwa. Sai ta zauna a jikin duk wani ƙarfe na gidan tana jiran mai taɓawa."

"Ashe ka taɓa sanin wani abu."

"Amma taka ba za ta yanke ba, Yaya. Da hannuna na ɗaure ta. Je ka bayan gida, wurin da bututun ruwa ya shigo. A jikinsa na ɗaure, da maƙalin ƙarfe. Bututun nan ƙarfe ne, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har titi. Haka muke yi a lokacin, babu abin da ya fi shi."

Na fita ta ƙofar kicin da waya a kunne. Bayan gidan ɗan lungu ne tsakanin bango da katanga, inda tsoffin tukwanen furanninta suke jere, ƙasar cikinsu ta bushe ta tsage. Na ture guda biyu da ƙafa, na durƙusa da ƙyar. Ga wayar nan, koriya, ta fito daga bango. Ga maƙalin, a ɗaure gam a jikin bututun ƙarfe, ko tsatsa bai ci shi sosai ba.

"Tana nan," na ce. "Ka ci wannan."

"Na gaya maka! Aikina ba ya..."

"Tsaya."

Ƙarfen bai fi taƙi ɗaya ba a ƙasan maƙalin. Daga nan sai mahaɗi, daga mahaɗin kuma farin bututun roba ne ya nutse cikin ƙasa. Na daɗe ina kallonsa. Na san shi. Marigayiya ce ta sa aka kira mai gyaran famfo, don ruwan yana zuwa da tsatsa yana ɓata mata fararen yadudduka. Mutumin ya haƙe tsohon bututun tun daga titi ya sa na roba, ya tsaya daidai inda ya ga waya a ɗaure, don waya ba aikinsa ba ce. Ya yi aiki mai kyau. Ruwan ya dawo garai-garai, ta yi ta sa masa albarka.

"Injiniya, roba tana kai wuta ƙasa?"

"Wace roba?"

Na gaya masa.

"To wayar nan a iska take ɗaure," ya ce a hankali. "Kuma bututun cikin gidan duk ƙarfe ne. Yaya, mene ne a gidan yake haɗe da wuta da ruwa lokaci guda?"

Lasifikar ce ta amsa masa. Ta tagar ɗakin karatu ƙugin ya fashe, da dukkan ƙarfin da na murɗa masa, har gilashi yana karkarwa. Wani ya kunna hita.

Na ƙwala kiran Auta. Muryar da nake alfahari da ita, wadda makafi suke cewa tana cika ɗaki, ƙugin ya haɗiye ta ɗungum. Ni na ƙara masa sauti da hannuna. A jikin bututun da ke gabana ban ji motsin ruwa ba tukuna, kuma wannan kaɗai nake da shi.

Babban makunnin gidan yana can gaba, kusa da mita. Banɗakin yana ciki, bayan ƙofar da ta saba kullewa. Na zaɓi makunni. Na tashi, gwiwa ta ƙi, na dafa katanga na tilasta mata. Na bi ta kicin, na yi karo da kujera, na wuce silifas ɗinta guda biyu a bayan ƙofa, ɗaya a kife. Falon da nake cewa ya yi mana ƙanƙanta, ranar ya yi tsawo kamar titi. Na fizge murfin akwatin mita, na kama baƙin hannun makunnin na ja shi ƙasa da ƙarfi.

Gidan ya mutu. Firji, lasifika, komai. Irin shirun da na yi mako ina nema ke nan, kuma ban taɓa jin abu mai muni kamarsa ba.

"Auta!"

Ba amsa.

"Auta!"

Sai na ji sakata. Ƙofar ta buɗe, ta leƙo da tawul a kafaɗa, ƙafafunta tsirara a kan tayil.

"Haba Baba, wannan ihun fa? Yanzu na kunna hita don ruwan ya yi zafi aka ɗauke wuta. Ko wasan naka ne kuma?"

"Kin taɓa famfo?"

"Ina shirin taɓawa ka fara kirana kamar gida ya kama gobara."

"Fito daga nan. Kada ki dafa komai. Fito."

Ta dube ni, ta ga abin da ta gani a fuskata, ta fito ba musu, karo na farko tun tana goye. Na ja ƙofar na murɗa makulli na sa a aljihu.

"Hitar ce ta lalace," na ce. "Kawunki zai zo. Zan dafa miki ruwa a kan gas."

Ta tafi ɗaki tana waiwayena, tana yarfe hannu. Sai a lokacin na lura wayar tana hannuna har yanzu, wata 'yar murya tana fita daga cikinta. Na kai ta kunne.

"Tana lafiya," na ce.

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce ga shi nan tafe da sandar ƙarfe da zai kafa a ƙasa, kada kowa ya mayar da wuta kafin ya iso. Sannan ya rage murya. Babu sauran wasa a muryarsa.

"Yaya, bututun nan... yaushe aka canza shi? Kafin rasuwar Anti ne, ko bayan?"

Na dubi ƙofar banɗakin. Marigayiya ba ta taɓa shiga wanka da takalmi ba, cewa take yi ƙazanta ce.

"Likita ya ce zuciya ce," na ce masa. "Taho da sandarka."