Reshen da Yolima ta hau da shi tsauni

Shekara uku ke nan Yolima tana aikin jinya a Ventaquemada, garin manoman dankali a kan tsauni, amma har yau ba ta yafe wa sanyin garin ba. Ita 'yar Magangué ce, bakin kogi, inda in ka soka sanda a ƙasa kafin mako ta yi toho. Da ambaliya ta cinye gidansu, mahaifiyarta kuma ta rasu bayan wata biyu, abin da ya rage mata reshe ɗaya ne na kayena, itacen ƙofar gidan, mai fure ja jawur da ya kai faɗin tafin hannu. Ta dasa shi a jikin bangon da ke shan rana. Duk unguwa aka ce ba zai yi ba. Ya yi, har ya kai mata ƙugu.

Kuskurenta irin na mutanen bakin kogi ne: hadari take tsoro. Duk yammacin da gari ya haɗe sai ta lulluɓe shi da buhu. Ran nan cikin Janairu sama ta washe tas, ta ce bari ya sha iska, ta bar shi a buɗe. Alhali duk manomin dankali ya san irin wannan sama ce ke daskarar da raɓa. Gari ya waye ciyawa fari fat, kafin rana ta take ganyen ya yi baƙi ƙirin.

Sai ga maƙwabcinta, tsoho Don Evelio, da fartanya a kafaɗa. Shi ma rabin gonarsa ta tafi da safen nan.

"Ranki ya daɗe, sai haƙuri," in ji shi. "Bari in tumɓuke miki shi, kada ki riƙa gani ranki na ɓaci."

"Ka tumɓuke me? Don Evelio, ajiye fartanyar nan kafin mu ɓata."

"Shekara sittin ina wannan sana'a. In ganye ya yi baƙi, an gama."

"Dankali ke nan! Kai komai dankali ne a wurinka. Ina jin matarka ma haka kake kallonta."

Baki ne kawai. In wannan ya mutu, babu inda za ta samo wani, gidan yana ƙarƙashin laka. Ta sa farce ta kankare ɓawon a sama, busasshe. Ta sauko tsakiya, nan ma haka. Tsohon ya kau da kai don kunya. Ta durƙusa a ƙasa mai sanyi, ta kankare daidai taƙi ɗaya daga tushe.

Kore shar, har da danshi.

"Matso ka gani, likitan dankali," ta ce.

Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga kai ya dubi sama, yau ma babu ko ɗigon gajimare.

"Kada ki yanke busassun rassan sai ruwa ya sauka, su za su tsare shi. Buhun nan naki kuma wasa ne."

Ya tuɓe ruanarsa, bargon gashin tumakin da bai taɓa fita babu shi ba, ya lulluɓe itacen har ƙasa, ya danne gefuna da duwatsu. Ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gida daga shi sai 'yar shara, yana karkarwa.