Burodin Gidan Naș

Tun ranar da kwamitin majalisa ya ba ofishinmu na lauyoyi aikin shirya hujjojin tsige shugaban ƙasa hankalina bai kwanta ba. Duk hujjar da muka ɗaure, sai lauyan shugaban, tsoho Zamfirescu, ya zo da amsarta a aljihu. Kai, ko boka ne!

Ba wanda ban zarga da kai masa sirrinmu ba. Na canza makulli, na hana sakatariya fita da waya, har mai shara na bi da harara. Octav kaɗai na bari, abokin aikina na shekara ashirin, wanda ya riƙe ɗana Horia a ruwan baftisma.

Ranar Lahadin jajiberin azumin Ista, da kowa ke kai wa naș ɗinsa, wato uban baftisma ko na aure, gaisuwa da burodi, na kai wa Octav nawa burodin na tarar yana fita. Ya ce cefane za shi. Cefane da kwat, da kitsattsen burodi da zakara a bayan mota? Na bi shi a tasi, kunya kamar ta kashe ni. Ƙofar Zamfirescu ya tsaya, ya duƙa ya sumbaci hannun tsohon.

Da safe na rufe ƙofar ofis na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce tsohon naș ɗinsa ne, shi ya riƙe masa kyandir a coci ranar aurensa, ya rantse bai taɓa kai masa ko kalma ɗaya ta shari'ar ba. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma a takardar rantsuwa ya sa hannu cewa ba shi da alaƙa da ɗaya ɓangaren.

"Naș ba dangin jini ba ne, Doina. Doka ba ta ambace shi ba."

"To, nașu," na ce, don haka nake kiransa tun baftismar Horia, "jibi in tsohon ya yi ƙarya a gaban kotu, za ka miƙe ka ce ƙarya yake?"

Ya yi ta juya zoben hannunsa. A ƙasar nan wa ke ƙaryata naș a bainar jama'a?

Na rubuta wa kwamitin da ƙungiyar lauyoyi abin da na gano, ina rubutu ina kuka. Aka karɓe aikin daga hannunmu duka biyu, wannan na san zai faru.

Auren Horia saura wata biyu, kuma wanda ya yi wa yaro baftisma shi ke tsaya masa a coci. Ranar Alhamis matar Octav ta kira, ta gaishe ni lafiya lau, ta ce mu nemi wasu su riƙe kyandir.