Wutar Farin Murhun Don Anselmo

"A matsar da shi daga jikin shingen nan," in ji Marisela. "A nan Noemi take wasa."

Don Anselmo ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa, ya dubi mijinta Efrain. "Ka ji ko? Ko ashana ba a ƙyasta ba, shugabar 'yan kwana-kwana ta iso."

"Kai da kake jinta ta kan shinge ke nan," in ji Efrain. "Ni fa da nake gida ɗaya da ita?"

Marisela ba ta yi dariya ba. Ta gyara wa jaririnta Tadeo kwanciya a kafaɗa, ta tsaya har sai da mazan biyu suka tura murhun can kusa da garejin tsohon.

Bikin baftismar Tadeo a coci ne ya jawo maganar murhun. Dangi za su zo daga Laredo da San Antonio, kuma ba yadda za a yi a tara su ba a ajiye musu naman ƙirjin saniya wanda ya yini cikin hayaƙi ba. Sun zaga kantuna har sun gaji. Murhun bandan da Efrain ya ƙyalla ido a kai ya haura dala dubu. Wanda aljihunsu zai ɗauka kuwa, da Marisela ta danna murfinsa da yatsa sai ya lotsa. Maƙwabcinsu Don Anselmo, tsohon mai walda da ke zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa, shi ya ce su daina wahalar da kansu, su nemo masa duro kawai. Marisela da kanta ta je ta zaɓo duron, ta titsiye mai sayarwa da tambaya har ta tabbata ruwan lemo aka zuba a ciki, ba maganin feshi ba. Tsohon ya yanka, ya yi masa murfi da bututun hayaƙi, ya sa masa tayoyin wani tsohon injin yankan ciyawa.

Ranar Asabar Efrain ya tafi aiki. Da hantsi Marisela ta fito shanya, ta tarar da Don Anselmo yana shafe cikin murhun da man girki, 'yarta Noemi mai shekara huɗu ta cusa fuska tsakanin katakan shinge tana kallo.

"Kaka, ina naman?"

"Yau ba nama, uwar kwaɗayi. Sabon murhu sai an ba shi wutar fari. Ya sha mai, ya yini da wuta shi kaɗai, sannan ya san aikinsa."

"Don Anselmo, an ce za a yi ruwa da yamma," in ji Marisela.

"Masu faɗin hakan tun ina saurayi suke ƙarya, 'yata. Amma in ruwa ya taɓa shi yau, tsatsa zai yi, mu koma farko. Ba zan bari ba."

"Ki ji ni da kyau," ta ce wa Noemi. "Ƙarfen nan zafi gare shi. Ko kusa da shi kada ki je."

Bayan azahar iska ta juyo daga arewa, gari ya yi duhu, ruwa mai sanyi ya sauko. Marisela ta shiga ɗaki shayar da Tadeo, ta bar Noemi a falo tana zane. Yaron ya daɗe yana rigima kafin ya kama. Ita ma da ba ta samu barcin kirki ba, idonta ya rufe tana zaune.

Shirun gidan ne ya tashe ta. Ta fito da yaron a hannu. Ga takardar zane a ƙasa, ga fensira, babu Noemi. Farantin biskit ɗin da ke kan tebur ba ya nan, ƙofar baya a buɗe, ruwa yana fesowa cikin kicin.

Ta leƙa ta kan shinge. Murhun ba ya tsakar gidan Don Anselmo. Sawun tayoyi biyu ne a cikin taɓo, sun miƙe har bakin gareji, ƙofar garejin kuma a sauke take har ƙasa.

Duk lokacin sanyi sai rediyo ya yi ta nanata maganar gawayi a rufaffen ɗaki, yadda iskarsa take kwantar da mutum ba wari ba komai. Ta zaga da gudu ba takalmi, ta kwantar da Tadeo a barandar tsohon, ta kama ƙofar garejin da hannu biyu. Ta ƙi ɗaguwa. Ta durƙusa ta sa kafaɗa, ƙofar ta yi ƙara ta tafi sama.

Ɗumi ya bugi fuskarta. Rediyo yana ta kiɗa a kan tebur. Murhun yana tsakiyar ɗakin, garwashinsa ja, hayaƙin ma kaɗan ne. Don Anselmo yana kan kujera, haɓarsa a ƙirji. Noemi tana kwance a tsohuwar doguwar kujera, an lulluɓe ta da rigar sanyinsa, biskit a hannunta.

Marisela ta ɗauke numfashi ta shiga, ta sunkuci yarinyar. Jikin ya saki, kai ya langaɓe a hannunta. Ta fito da ita cikin ruwan, ta kwantar da ita a ciyawa.

"Noemi. Noemi, buɗe ido. Mama ce."

Kumatun yarinyar sun yi ja kamar wadda ta sha gudu. Marisela ta kara kunne a bakinta, ruwan sama ya hana ta jin komai. Ta girgiza ta, ta mari ƙafarta. Sai Noemi ta yi wani irin tari, ta juya ta yi amai.

"Mama, kaina."

Da hannu ɗaya ta zaro wayarta daga aljihu, ta danna lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta tambayi adireshi, ta tambayi ko da saura a ciki.

"Akwai dattijo. Ba ya motsi."

"Kada ki koma ciki, ki bar ƙofar a buɗe. Mutanenmu suna hanya. Kin ji ni ko?"

Marisela ta miƙe, sai ta ji jiri ya kwashe ta. Ta dubi Noemi a ciyawa, ta dubi Tadeo yana tsala kuka a baranda. In ta shiga ta faɗi, ba kowa a wajen. Ta tsaya a bakin ƙofar, ruwa yana zuba a bayanta.

"Don Anselmo, tashi. Don Allah ka tashi ka fito."

Tana ta kiransa har 'yan kwana-kwana suka iso da abin rufe fuska, suka ɗauko shi.

A asibiti aka sa wa Noemi robar iska a hanci da baki. Likita ya ce za ta kwana su gani, amma yana sa ran za ta warware. Can da yamma Noemi ta janye robar kaɗan.

"Kaka ya ce kansa na ciwo. Ya ce mu ɗan huta, in ruwa ya ɗauke ya raka ni gida."

"Mayar da abin. Yi ta numfashi."

"Za ki yi masa faɗa? Ban taɓa ƙarfen ba, Mama."

"Na sani. Ba wanda zan yi wa faɗa."

Da Efrain ya iso daga wurin aiki, sai ya je ɗaya ɓangaren asibitin jin labarin tsohon. Da ya dawo bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa sanye da kayan aikinsa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya girgiza mata kai.

Marisela ta kawar da fuska don kada yarinyar ta gani. Tadeo yana barci a cinyarta. Ta miƙa hannu ta ɗora a ƙirjin Noemi, ta bar shi a nan, yana hawa yana sauka.