Ɗan'uwan Gauta

Shekara uku Dakta Nafeesa ta yi tana ƙoƙarin haɗa dankalin turawa aure da wani dankalin daji da aka kawo irinsa daga duwatsun Kudancin Amurka, a rumfar raga ta wata cibiyar bincike da ke hanyar Karshi. Da tsinke take ɗebo garin furen wannan ta shafa wa wancan, furen ya bushe ya faɗi, ta sake. Jininsu ya ƙi haɗuwa. Sai bana shuka ɗaya tak ta yarda, ta yi 'ya'ya goma sha biyu, koraye, ƙanana kamar gauta.

Ran Litinin da safe ta tarar da reshen fayau, ko ɗaya babu.

Ta fito tana faɗa kamar za ta ari baki. Albert mai gadi ya bari sai da ta sauke, sannan ya ce Ɗangoggo mai ban-ruwa ne ya tsinke su jiya, ya zuba a hula ya tafi gida. Shi ma ya so ya hana, amma tsohon ya ce da kunnensa ya ji Dakta tana gaya wa baƙi cewa dankali da gauta da tumatir 'yan gida ɗaya ne. Tunda kuwa na ƙasa ake nema, ina amfanin barin na sama ya ruɓe?

Gaskiya ne kuwa. Ta faɗi haka, har da zanen dangantakar a allo. Abin da ba ta faɗa ba, don ta ɗauka kowa ya sani, shi ne 'ya'yan dankali guba ne, na dajin nan kuma ya fi. A wani gidan ɗacin kaɗai ya isa a tofar. To mutanen da saboda ɗacin ma suke sayen gauta fa? Tsoro ya kama ta, ta manta da wahalar shekara uku.

Sau huɗu tana kiran wayar Ɗangoggo. A na biyar ya ɗauka da fara'arsa.

"Madam, wannan gauta naki akwai ɗaci mai kyau. Matana ya sa cikin fate jiya da yamma."

"Baba, wa ya ci?"

"Ni ko ɗanɗano kawai na samu, jikoki sun cinye. Shi ya sa ma na makara. Babban yana ta amai, ƙaramar kuma muna ta tashinta, barci ya yi mata nauyi."