Danƙo a Yatsan Inna Tasalla

Rabi'atu ta riƙe yatsan Inna Tasalla, ta goga audugar sifirit sau ɗaya, ta soka 'yar allura. Ɗigon jini ya fito, bai kai ƙwayar dawa ba. Ta ɗora shi a bakin tsinken da ke soke a jikin na'urar awon suga, suka zuba wa gilashin ido su biyu, duk da tsohuwar ba ta san lamba ba.

Goma sha tara. Mai lafiya ba ya wuce bakwai da safe.

"Yaya, 'yar nan? Ya sauka?"

"Bai sauka ba, Inna."

"Wallahi ko tuwo sai in auna da ido. Ga jiri, ga rawar jiki. Jiya a gindin murhu na tsinci kaina."

Malam Audu, wanda ke riƙe da ƙaramin asibitin shekara ashirin, kowa kuma ke ce masa Likita, ya leƙo ya ga lambar. Ya girgiza kai.

"Tasalla, ke da farantin nan naki. Mai sayar da mazarƙwaila ta ce ba ta lasa? Daga yau ƙwaya biyu safe, biyu yamma."

Ya ƙirga mata ƙwayoyin a takarda. Ta ƙulle su a bakin zane, ta ɗora farantinta a ka, ta nufi kasuwar Rogo.

Wata huɗu ke nan da aka turo Rabi'atu bautar ƙasa a nan, bayan ta gama karatun kimiyya a Zariya. Kullum daga Ƙaraye take shigowa a motar safe. Na'urar kyautar wani ɗan garin ce da ke aiki a waje, ya aiko da ita a shekarar 1996 tare da kwalin tsinkaye biyu. Rabi'atu kaɗai ta karanta takardar da ke ciki. A bakin kowane tsinke akwai siraran layukan ƙarfe da wani sinadari. Idan ya haɗu da suga sai ya tayar da 'yar wutar lantarki, na'urar ta auna ƙarfin wutar ta fitar da lamba. Yanzu tsinke ɗaya tak ya rage, kuma Malam Audu ya ce na ranar gaggawa ne.

Ta ɗauki biro ta rubuta sakamakon, sai biron ya manne mata a yatsa. Ta buɗe hannunta ta duba. Danƙo ne, daga hannun Inna Tasalla. Audugar da ta jefa a kwano ma har tururuwa ta fara hawanta.

Ta tsaya tana kallon tururuwar. Sai ta jawo littafin gwaji ta bi sunan Tasalla da yatsa. Goma sha takwas. Ashirin. Goma sha bakwai. Huɗu. Goma sha tara. A gefen huɗun nan ita ce da hannunta ta rubuta: wataƙila tsinke ya lalace. Ta tuna ranar. Inna Tasalla ta makara, ta iso ana kiran Azahar, ta ari buta ta yi alwala a tsakar asibitin, ta yi salla, sannan ta miƙo hannu. Sauran ranakun kuwa da safe take zuwa, bayan ta gama fasa mazarƙwaila da hannu ta jera a faranti.

Na'urar ba ta san bambancin sugan jini da sugan fata ba. Ɗigon da bai kai ƙwayar dawa ba, zaƙi kaɗan ya ishe shi ya ɓaci. Kuma gwajin farko, wanda a kansa aka ɗora tsohuwar a kan ƙwaya, ita ta yi shi.

Ta ɗauki littafin ta tsaya a ƙofar ofishin Malam Audu. Ta yi sallama.

"Ranka ya daɗe, ina son tsinken da ya rage."

"Na gaggawa ne, Malama. Na faɗa miki."

"Gaggawar ce. Ina jin Inna Tasalla ba ta da ciwon suga. Ƙwayar ce ke kayar da ita."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Injin naki ne ya faɗa, ba ni ba. Sau huɗu. Yau kuma ya zama maƙaryaci?"

"Bai yi ƙarya ba. Abin da na ba shi ya auna. Mazarƙwailar da ke yatsanta nake ta aunawa."

"Ba kya goge sifirit?"

"Ina gogawa. Sifirit ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya wanke zaƙi." Ta buɗe littafin. "Kuskurena ne. Idan ta sha biyu yau da yamma, ina tsoron kada ta kwanta ba ta tashi ba."

Ta ajiye masa littafin, ta nuna huɗun. Ya daɗe yana kallo. Shi ma ya tuna ranar, domin butarsa ce aka ara.

"In kika ƙona tsinken nan a banza, sai wata uku ba mu ga wani ba."

"Na sani."

"To injin nan ba ya fita gidan nan ba tare da ni ba." Ya ɗauki hularsa.

Suka ratsa 'yan gyaɗa da 'yan dawa, yana gaba da na'urar a aljihun riga, tana biye da buta da guntun sabulu. A ƙarƙashin wata rumfa suka same ta, ta jingina da turke, zufa na tsattsafo mata a goshi ko da yake akwai sanyi. Maƙwabciyarta Kande mai daddawa tana yi mata fifita da faifai.

"Gara da kuka zo, Likita," in ji Kande. "Tun ɗazu nake ce mata ta sa wani abu a bakinta, ta ce kun hana. Ku kuwa sai ku kashe mutum da biyayya."

Rabi'atu ta durƙusa. "Inna, kawo hannu in wanke miki."

"Wanke hannu kuma? Abinci kika kawo?"

Ta wanke mata da sabulu har wuyan hannu, ta ɗauraye sau uku, ta tsane yatsan da gefen mayafinta. Hannun tsohuwar na rawa. Ta yage takardar tsinken ƙarshe, ta soka allura, ta ɗora ɗigon. Malam Audu ya sunkuyo har hularsa na taɓa rumfa.

Biyu da ɗigo takwas. Mai lafiya ba ya sauka ƙasa da huɗu.

Ya miƙa hannu cikin farantin, ya ɓalli mazarƙwaila mai kauri, ya ba Inna Tasalla.

"Ci."

"Likita, kai fa ka hana."

"Na janye. Ci, ki ƙara."

Ta sa a baki tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗan dawo hayyacinta, sai ta sunkuyar da kai.

"Tunda abin ya zo haka, bari in faɗi gaskiya. Duk ranar da jirin nan ya kama ni, nakan ɗan gutsura a ɓoye, sai in ji na miƙe. Sai in yi ta istigfari."

"Ita ta riƙe ki har yau, Inna," in ji Rabi'atu. "Ki yafe mini. Ni ce ban wanke miki hannu ba tun farko."

"Haba 'yar nan. Hannuna ne, ni ya kamata in wanke abina."

Malam Audu ya sa ta kwance bakin zane, ya karɓe ƙwayoyin. Ya ce jibi ɗanta ya kai ta babban asibitin Ƙaraye a ɗebi jini ta jijiya, a tabbatar.

A hanyar komawa suka biyo ta 'yan rake. A nan Rabi'atu ta rage tafiya, tana kallon wani mutum yana feraye kara, ruwan na bin yatsunsa.

"Ranka ya daɗe, mutanen Ruwan Bago da muka gwada watan jiya. Masu dafa mazarƙwaila."

"Su nawa ne?"

"Shida. Uku muka ɗora a kan ƙwaya."

"Kuma ba mu da tsinke."

"Ba mu da shi. Amma ina da sunayensu. Zan je in karɓe ƙwayoyin."

Ya duba rana, ya duba agogonsa. "Motar Ƙaraye za ta tafi ta bar ki."

"Ta tafi."

Ta miƙa masa butar, ta ɗaga wa wani ɗan acaɓa hannu.